Ɗakin Malam a Cikin Kwamfuta

Gadarif, daren Laraba, kakar riɗi

Rubuta, Zainabu jikata, tunda ke kika tsorata ni. Yau kika dawo daga aikinki na kula da kwamfutoci, kika ce za ki raba cikin kwamfutarki ɗaki biyu, kamar yadda ake tsaga gida da zana. A ciki fa muryar maigidana Malam take, wadda kika ɗauka kafin ya rasu. Ni gani nake yana zaune can kan buzunsa, zanar za ta bi ta kansa. Na riƙe hannunki.

"Habboba, ai na kwafe shi wani wuri tukuna," kika ce, yadda kuke kiran kaka da Larabcin nan.

Ban yarda ba sai da kika gama kika kunna. Sai ga tarinsa, yana cewa Hajjo, kawo shayi. Har na yunƙura zan tashi.