Ƙorafi Kan Umarnin Zubar da Ruwan Kifayena

Azariya Kambai,
Layin Tsoffin Ma'aikatan Reluwe,
Unguwar Bayan Rafi, Kafanchan.
10 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsafta,
Unguwar Bayan Rafi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAKARDAR GARGAƊI TA RANAR 8 GA OKTOBA, 2024

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai suna a sama, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, ina gabatar da ƙorafina cikin ladabi.

Shekara uku ke nan ina kiwon wasu ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi a falona. Daga wani rafi a gindin dutsen Kagoro na kamo su. Tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Suna kwanciya a kan tsakuwa, sai su yi wuf su ɓace, shi ya sa matata Zipora ta sa musu suna 'yan wuf. Duk tsawon lokacin nan ba su taɓa haihuwa ba sai wannan mako.

Ranar Talata, 8 ga wata, da ƙarfe goma na safe, ma'aikaciyarku Malama Beatrice ta zo duba gida. Ta ba ni kwana bakwai in zubar da ruwan. Ga abin da nake kuka a kai:

1. Ta rubuta cewa ruwa ne mai kwanciya da ke tara sauro. Ranka ya daɗe, ruwan nan ba ya kwanciya. Akwai ƙaramin famfo mai aiki da sola da ke juya shi kamar rafi, domin in ruwa ya tsaya kifayen mutuwa za su yi. Kuma tsutsar sauro ce abincinsu. Da kaina nake bin gwangwanayen maƙwabta ina kwaso musu ita. Ya kamata Kwamiti ya ɗauke su a matsayin abokan aiki.

2. Na roƙe ta ta yi magana a hankali domin akwai ƙwai a ƙarƙashin wani dutse. Sai ta ƙwanƙwasa gilashin da biro har sau uku, wai ba ta ga komai ba. Ni, dattijo mai shekara sittin da bakwai, na durƙusa a falona ina ba kifi haƙuri.

3. Ta tambaye ni yaushe za su isa farfesu. Ina so a sani cewa maganar ta yi mini zafi.

4. Wannan shi ne babba, kuma ina roƙon a gafarce ni in rubutuna ya karkace. Jiya Laraba, 9 ga wata, da ƙarfe shida da minti arba'in na safe, ƙwan sun ƙyanƙyashe! Yabo ga Ubangiji! Na fara zaton datti ne, sai dattin ya motsa. Na sa tabarau, na ƙirga ashirin da takwas. Zipora ta ƙirga talatin da ɗaya, kuma na yarda da ita, domin ta fi ni ido. Kowanne idanu biyu ne kawai da ɗan zare a baya. Na fita tsakar gida da singileti ina rawa, har maƙwabcina Malam Zubair mai shago ya leƙo ta katanga yana tambaya ko jika aka haifa mini. Da ya shigo ya gani, bai buɗe shagonsa ba sai ƙarfe tara. Zipora kuwa ta makara taron zumuntar mata, ta dawo da mata shida.

Wa'adin da aka ba ni zai cika ranar Talata, 15 ga wata. A ranar jariran nan ba za su wuce kwana shida ba. Ko da cokali aka ɗebe su ba za su rayu ba, balle a juye su a kwata.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) a janye takardar gargaɗin;

(b) a turo wani ya sake dubawa, ko ita Malama Beatrice ɗin, domin ba na riƙe ta a zuciya, matuƙar za ta bar biro a jaka;

(c) in Kwamiti ya dage sai an zubar, to Shugaba ya zo da kansa, ya zauna a kujerata minti biyar yana kallo, sannan in miƙa masa bokiti. Na san ba zai karɓa ba.

Da safe aka fi ganinsu, lokacin da rana ke shigowa ta taga. Akwai shayi.

Ina neman afuwa kan ɗigon ruwa biyu da ke jikin wannan takarda. A gefen akwatin na rubuta ta, domin na kasa tashi daga wurin.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka cikin biyayya da murna,

Azariya Kambai.