Ƙarfen da na binne a dokin ƙofa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne amma abin ya fi ƙarfina.

Lokacin da kuɗin mai suka ɓarke, ina direba a wani kamfanin Turawa masu yin titi a nan Katsina. Suna da wata na'ura mai ruwan ɗorawa da suke auna ƙarfin daɓe da ita, ba a barin kowa ya taɓa ta. Da kwangila ta ƙare suka watse suka bar ta a sito, ni kuwa da shegen kwashe-kwashe na kai ta gida. Na ga alamar haɗari a jikinta, amma an rubuta milikuri goma, na ce goma ɗin me, ko ƙwayar ciwon kai ta fi haka lamba. Na fasa ta, na zare sandar ƙarfen da ke ciki, da yake ina gini a Ƙofar Kwaya sai na ba magini ya shimfiɗa ta a dokin ƙofa don kada siminti ya tsage.

Makon jiya jikata mai aikin ɗaukar hoto a asibiti ta tsinci farantin rubutun da na ɓalle daga jikin na'urar a tsohon akwatina. Yarinyar da kullum sai ta tsokane ni da angonta, ranar ko murmushi babu. Ta ce sandar tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani mai jawo cutar daji da illata ɗan ciki, lambar kuma ma'aunin ƙarfinsa ce. Ta buga lissafi a waya, ta ce milikuri ɗaya bekarel miliyan talatin da bakwai ne, goma na nan miliyan ɗari uku da saba'in ke nan, kuma duk shekarun nan bai gama mutuwa ba. Sai ta ce, "Alhaji, ina sandar take?" Na ce na manta. Wallahi ƙarya na yi, tsoro ne ya kama ni.

Gidan yanzu wani malamin makaranta ɗan Filato ke haya a ciki, mutumin kirki. Na je na gani da idona, matarsa na da tsohon ciki, kuma a kan dokin ƙofar nan take zama tsintar wake kullum da la'asar, har ta taso ta kawo mini ruwa.

In na faɗa, hukuma za ta shigo, unguwa ta san abin da na yi. In na kira magini a ɓoye ya tone ta, shi na jefa cikin haɗari. Jama'a wa zan fara gaya wa, mijin ko jikata? Wata mai kamawa matar za ta haihu.