Shekarun Dogo

Zuwa ga Baban Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ciwon bayan nan? Allah ya sa kana shafa maganin da na saka maka a jaka. Auta tana gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita.

Na nemi wayarka har na gaji. Na san inda kuke aikin hanyar babu sabis, shi ya sa na ba direban da ke kai muku siminti wannan takarda. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Dogo yana tsare. Lafiyarsa ƙalau, kada hankalinka ya tashi ta nan. Ranar Talata a gareji aka ce ya matsar da motar wani daga kan ramin gyara, ƙafarsa ta zame daga birki, motar ta ja baya ta matse maigadi da ƙofa. Ƙafar tsohon ta karye wuri biyu. 'Yan sanda suka tambayi lasin, babu. Suka duba katin shaidarsa, suka ga shekara sha takwas da wata bakwai, suka rubuta shi a babba. Yanzu yana gidan yari, ɓangaren masu jiran shari'a, ɗaki ɗaya da magidanta.

Ni da kai mun san sha shida gare shi. Ka tuna bara da ya bar makaranta yana zaman banza, garejin kamfani suka ce ba sa ɗaukar ɗan koyo sai ya cika sha takwas. Ka je kotu ka yi rantsuwa cewa katin haihuwarsa ya ɓata, ka ƙara masa shekara biyu. Ban hana ka ba, ni ce ma na goge maka rigar da ka sa. Yaron da ya fi ka tsawo, wa zai yi musu?

Wata lauya da ke taimakon marasa ƙarfi ta zo wurina. Yarinya ce, amma da ganinta ta san aikinta. Ta dube ni ta ce ko ina da wata shaida ta ranar da na haife shi. Na ce zan duba. Katin asibiti yana nan cikin gwangwanin da nake ajiye maɓallai, ƙarƙashin keken ɗinki. Na ɗauko shi na mayar ya fi sau goma.

Ka gaya mini abin da zan yi. Direban zai juyo ranar Asabar.

Taka har kullum,
Maman Dogo

Zuwa ga Baban Dogo,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma da sauƙi, sai dai abinci ba ya shiga. Direba ya dawo hannu wofi, ya ce an kai ku gaba wajen gada, ya bar takardar wurin mai kula da sito. Ban sani ba ko ta iso ka, don haka ga wata.

Lauya ta zaunar da ni a ofishinta, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da takardu har bakin taga. Ta ce idan Dogo babba ne, hukuncin manya za a yi masa, kuma abin zai bi sunansa duk inda ya nemi aiki. Idan yaro ne, kotun yara za ta saurare shi, a fitar da shi daga cikin manya a ranar. Na ce to ai magana ta ƙare. Ta ce ba ta ƙare ba. Muddin katin ya shiga hannun alƙali, wanda ya yi rantsuwar sai ya zo ya yi bayani, domin rantsuwar ƙarya a kotu laifi ne mai zaman kansa. Za a soke takardar koyon aikin Dogo, watannin da ya yi sun tafi kenan. Za a kuma tambayi shugaban gareji yadda aka yi ya ba yaro mukullin mota.

Shugaban garejin ya zo har gida. Mutumin nan da ya riƙe Dogo kamar ɗan cikinsa, shi ya ɗauki maigadi ya kai asibiti. Ya ƙi zama a kujera, ya tsaya bakin ƙofa yana juya mukullai a hannu. Bai roƙe ni komai ba. Cewa kawai ya yi 'yan koyo tara ne a ƙarƙashinsa, in aka sallame shi bai san wa zai ci gaba da su ba. Da ma roƙona ya yi, da na samu abin da zan ce masa.

Jiya na samu ganin Dogo, minti goma, ta bayan ragar ƙarfe. An aske masa kai. Akwai kumburi a gefen bakinsa, ya ce ƙarfen gado ne ya buge shi. Wani mutum mai furfura yana tsaye bayansa yana kallonmu, da Dogo ya ji motsinsa sai ya rage murya. Na raɗa masa zancen kati. Baban Dogo, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce mini, “Mama, ni sha takwas gare ni. In kika kai katin nan aka taɓa Baba, ba ni ba ke.”

Na fito ban san ta wace ƙofa na bi ba, har na wuce tashar motarmu. Lauya tana da gaskiya, shugaban gareji yana da gaskiya, shi ma yaron in ka saurare shi sai ka ce babba ne ke magana. Wani lokaci ni kaina sai in tsaya ina lissafi da yatsu, ko dai ni ce na manta shekarar. Na haife shi da kaina, amma hukuma tana da hatimi, ni ba ni da shi. Kuma in na cece shi da abin da zai ɗaure ubansa, ceto na yi ko me?

An sa zaman kotu ranar Alhamis ta sama. Don Allah ko layi biyu ne ka rubuto.

Matarka,
Maman Dogo

Zuwa ga Baban Dogo,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata aiki yana sauƙi, bayan kuma ya lafa. Takardarka ta iso ranar Asabar, kwana biyu bayan an gama komai. Na karanta ta sau uku ina neman amsa. “Ki yi abin da kika ga ya dace.” Sai da na yi dariya ni kaɗai, Auta ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Mako biyu ina jiranka, ashe abin da za ka ce kenan. Ban yi fushi ba, na ga yadda rubutunka ya karkace.

Na kai katin. Ba zan ce maka na yi tunani na gano daidai ba ne. Ranar Laraba na koma ganinsa, na tarar kumburin ya koma ido, kuma takalminsa yana ƙafar mutumin nan mai furfura. Daga nan ban biya gida ba sai don in ɗauki gwangwanin, na kai wa lauya shi da maɓallansa duka.

A kotu alƙali mace ce mai tabarau. Ta ajiye takardu biyun gefe da gefe, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi Dogo shekarunsa. Bai ce sha takwas ba, bai ce sha shida ba, ya sunkuyar da kai ya ce a tambayi mahaifiyarsa. Na miƙe na faɗi rana da wata da shekara, ina ji kamar ni ce mai ƙaryar.

An mayar da shari'ar kotun yara, aka ba ni Dogo a ranar. Sharaɗin shi ne ya koma makaranta, duk mako ya je wurin jami'ar kula da yara, kuma ya riƙa zuwa yana taimaka wa maigadi har ya taka ƙafarsa. Tsohon da kansa ya aiko cewa ya yafe. An soke takardar koyon aikin. Shugaban gareji an dakatar da shi wata uku, na gamu da shi a hanya ya gaishe ni kamar kullum, ni ce na kasa haɗa ido da shi.

Kai kuma ana nemanka ranar sha huɗu ga wata mai zuwa, ƙarfe tara na safe. Lauya ta ce in ka zo da ƙafarka ka faɗi gaskiya, tana sa ran abin ya tsaya a gargaɗi, amma ta ƙi yi mini alkawari. Ka nemi izini wurin aiki tun yanzu.

Kwana biyar Dogo bai yi mini magana ba. In na ajiye abinci sai na bar ɗakin yake ci. Har yanzu ban sani ba ko na gyara ne ko na ɓata, mutum biyu na jefa cikin wahala, kai da shugaban gareji, don in fitar da ɗaya. Yau da rana ina ɗinka masa wandon makaranta, ya shigo don in gwada tsawon. Na durƙusa ina sa allura a ƙafar wandon, sai na ji ruwa yana ɗiga a bayan hannuna. Ban ɗaga kai ba. Ya zauna a ƙasa ya kifa kansa a cinyata, da duk tsawon nan nasa, ya yi kuka har rigata ta jiƙe. Da ya gama ya share fuska, ya ce in yi masa alkawari ba zan gaya maka ya yi kuka ba.

To ga shi na gaya maka. In ka zo, ka yi kamar ba ka sani ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
Maman Dogo