Launin Tsatsa

Daren Alhamis, Madinat Nasr, birnin Alƙahira

Tun da maigidana ya fara haɗa 'yar motar sojan nan ta roba, mai taya a gaba da sarƙa a baya, ya daina ganina. Kullum fenti yake shafa mata don ta yi kamar ta sha yaƙi.

Yau na yi kwalliya na tsaya gefen teburinsa. Ya ɗago ya ƙura min ido, irin na cikin littattafaina, har numfashina ya ɗauke.

Ya ce, "Amarya, wannan hodar ta fatar idonki launin tsatsa ce sak. Ara min in tsufar da sarƙar."

Na ɗauko masa. Ya shafa wa sarƙar, ya ce ta yi daidai.

Ya Allah, ni ma tsufa nake yi a ɗakin nan, ba mai dubawa.