Fiyanonki Yana Ƙarƙashin Kwanukana

Zuwa ga Maman Chidi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Daga Daura nake rubuto miki, daga ɗakin da kika bar mini amanarki.

Kin tuna ranar da na fara shiga shagon Baban Chidi neman tayar babur ɗin maigidana? Daga ɗakin baya na ji sauti kamar ruwa na ɗiga a randa. Na leƙa, na gan ki kina koya wa 'yan mata biyu fiyano. Ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin, ga goyo a baya, amma kika ja mini kujera ba tare da kin tambayi abin da ya kawo ni ba.

Shekara huɗu ina zuwa duk Laraba bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa. A gida kuwa an san koyon kek nake zuwa yi. Ke kike gasawa ki naɗe mini in tafi da shi, Hajiya surukata ta ci ta yaba hannuna. Har yau ko ƙwai ban iya bugawa da kyau ba.

Ina jin muryarki duk sanda na ɗaga hannu: "Hadiza, saki kafaɗa, ba daka kike yi ba."

Da Baban Chidi ya rasu kika haɗa kaya za ki koma garinku, kika ce fiyanon ba zai jure hanya ba, ni za ki bar wa. Lokacin ana gyaran ɗakina. Ƙarti shida suka shigo da shi, washegari magini ya kafa ƙofa ya rage faɗinta. Yanzu ba zai fita ba sai an fasa bango.

Maigidana ya sani. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ban hana ki ba, amma kin san gidan nan." Na san shi kuwa. Bangona ɗaya da ɗakin Hajiya, taga tana kallon masallacin unguwa, kuma ba wanda zai ji wannan sauti bai ce kiɗan coci ba. Sai na rufe shi da zanen gado, na jera kwanukan aurena a kai. Mata suna shigowa barka ko gaisuwa, su ce wannan kabad ɗin a ina aka ƙera mini shi.

Shekara uku ban buɗe shi ba. Ina kewarsa alhali ina kwana kusa da shi, kuma wannan ya fi ciwo.

Ummi, wadda nake zuwa da ita a goye, ta shiga shekara tara. Ta lura da yatsuna suna tafiya a kan faifai idan ina tsince wake, ta yi ta tambaya. Ranar Asabar da hantsi ina shanya, ta sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga murfin, ta danna maɓalli ɗaya. Sautin ya cika gidan, yana nan garau kamar yadda kika bar shi.

Hajiya ta ɗago daga tabarma ta tambayi mene ne wannan. Kafin in yi tunani bakina ya ce kwano ne ya faɗi.

Da na shiga, Ummi ta dube ni, ashe ta ji abin da na faɗa. Ta rufe murfin a hankali, ta ja zanen, ta fara mayar da kwanukan, babba a ƙasa, ƙarami a sama, daidai yadda nake jera su. Maman Chidi, kin ba ni shekara huɗu na ilimi, ni kuma darasin farko da na ba 'yata ke nan.

Ki yafe mini. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki zuri'a, ya saka miki da alheri. Ni kuma ya ba ni ƙarfin halin sauke kwanukan nan da hannuna, tun Ummi ba ta daina tambaya ba.

Ɗalibarki ta ranar Laraba,
Hadiza