Alawayyon Inna

Hor Al Anz, Dubai
6 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Nuriyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya ragu kuwa? Yaya Muhsinat ɗina da karatu? Allah ya saka miki da riƙon da kike mata.

Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo miki, domin na san in saƙon murya ne a gaban Inna za ki kunna. Mu ma nan katako ne kawai tsakaninmu da maƙwabta.

Kin tambayi alawayyon Inna. Kina da gaskiya. Wata bakwai ke nan da ta tsoma shi a Zamzam da hannunta, ta biyo ta nan daga Umra, kaya suka yi mata nauyi ta bar mini shi, yadi goma sha biyu, ta ce ni ce mai amana, in aiko mata likkafaninta ta kago, wato jirgin kaya. Kullum ina cewa gobe. Makon jiya dai na sa Baban Muhsinat ya saka shi a motar aiki, da niyyar mu miƙa wa masu kago in mun tashi. Ba mu kai siton da muke aiki ba motar ta fara tafasa, lagireto ya fashe, sai janyo ta aka yi zuwa gareji a Al Warsan. Tana can ya buɗe mata ciki. Alawayyon yana cikinta a ledarsa, lafiya lau. Ki kwantar wa Inna da hankali.

Akwai abin da na daɗe ban faɗa miki ba. Na ce muku labule da rigunan kujeru nake ɗinka wa kamfanin nan. Haka ne, wata goma a shekara. Amma in Oktoba ta gabato, maigidanmu Bashar, mutumin Sham ne, yakan mai da rabin siton ya zama abin da suke kira gidan tsoro. Ɗakuna ne na katako masu duhu, an rataye ƙasusuwan roba da yanar gizo ta auduga, ma'aikata su shafa fenti su laɓe. Mutane su sayi tikiti su shiga a razana su, su fito suna dariya. Yaya, mu da ake tofa mana addu'a don kada mu firgita, ga masu biya a firgita su. Ni ce mai ɗinka rigunan fatalwa. Na tambayi wani malami a Deira, ya ce ɗinki ɗinki ne. Zuciyata dai ba ta ce haka ba.

Aikin bana ya haɗe mana. Ranar ashirin da uku za a buɗe gidan. Ga mota a kwance. Ga Bashar ya ƙwallafa rai sai an gyara masa babbar motarsa ta shiga sahara kafin sanyi ya sauka: tanti a kan rufi, rumfa a gefe, batir na biyu saboda firji. Duk a kan Baban Muhsinat, shi ne makanikin kamfanin. Da safe yana ƙarƙashin wannan motar, da azahar yana saman waccan, da la'asar ana kiransa ya riƙe tsani a rataye ƙwarangwal. Jiya ya shiga sallah da sifana a aljihu. Bashar kuwa kalma ɗaya ya sani, yalla, wato maza-maza.

Kada ki gaya wa Inna maganar gidan nan. Matar da ta shekara arba'in tana wankan gawa a Yakasai ba za ta ji daɗi ba.

Taki ƙanwa,
Halima Sa'adiya

*

15 ga Oktoba

Yaya Nuriyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara. Mu jiki lafiya.

Na yi miki ƙarya a waccan takardar. Ban yi niyya ba, amma na rubuta "lafiya lau" ban je na duba ba, wannan kuwa ƙarya ce. Lokacin da nake rubutawa na riga na yanka shi.

Ga yadda aka yi. Da aka janyo motar, Baban Muhsinat ya kwashe duk abin da ke cikinta ya jibge a kantar ɗinkina. A ciki akwai fararen yadudduka da aka sayo a kasuwar Naif saboda fatalwowi, ledarsu iri ɗaya da wadda na sa na Inna. Bashar ya ce yana son ɗaki na ƙarshe ya fi kowanne: mutum-mutumi a kwance a kan makara, an naɗe shi, in mutane sun matso wani inji ya ɗago shi zaune. Abokiyar aikina Alima, 'yar Zangon Kumasi, ta naɗa sau biyu yana warwarewa kamar ɗaurin kabeji. Sai na ce ta ba ni.

Na taɓa yadudduka ɗaya bayan ɗaya, na ji wani ya fi su jiki, ya ɗan yi tauri irin na abin da ya sha ruwa ya bushe a rana. Na ce wannan zai fi zama. Ni na zaɓe shi, Yaya. Ba wanda ya miƙo mini.

Na naɗe shi yadda Inna ta koya mana muna riƙe mata buta. Hagu tukuna, dama a kai. Ɗauri a ka, ɗauri a tsakiya, ɗauri a ƙafa. Hannuna ne ya yi, ban ma yi tunani ba. Bashar ya zo ya duba, ya ce bai taɓa ganin abin da ya tayar masa da tsikar jiki haka ba. Alima ta ce, "Ei Hajiya, ashe ke ce shugabar fatalwa, muna nan muna wasa." Na yi dariya. Na ji daɗin yabon. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Shekaranjiya da hantsi ɗaurin ƙafar ya saki, na durƙusa in gyara, yatsana ya ci karo da ƙulli a gefen yadin. Kin san Inna ba ta ajiye zane sai ta ƙulle wani abu a bakinsa. Na kwance. Ƙwallon dabino uku ne, na dabinon ajwa da ta buɗe baki da shi a Madina.

Ban san tsawon zaman da na yi a ƙasa ba. Injin yana ta ɗago shi yana mayarwa.

Da na tashi na bi sawun sauran. Yadi bakwai ne a kan mutum-mutumin. Uku Baban Muhsinat ya roƙa, na ɗinka masa su da kaina a cikin rufin tantin Bashar, saboda zafi. Biyun da suka rage na jefa a kwandon ƙyalle, ya ɗauka yana goge hannu da su a gindin injin mota.

Da na gaya wa Baban Muhsinat, shi ma hankalinsa ya tashi. Amma ya ce abin mai sauƙi ne: mu sayi wani alawayyon, muna da Zamzam a jarka, mu yayyafa, mu ƙulle dabinon, khalas, shi ke nan. Ya ce ai ni na yi karatu, na san kowane farin ƙyalle mai tsarki ya isa likkafani. Na sani. Na kuma san abin da aka ce a kan amana, a allo ɗaya na karanta su.

Kada ki ce komai tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Halima Sa'adiya

*

28 ga Oktoba

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaba ɗaya. Na ga amsarki. Kin ce in bi shawarar Baban Muhsinat, tsohuwa mai hawan jini ba a kai mata irin wannan labari. Na gode da ba ki yi mini faɗa ba. Da kin yi, da na fi samun sauƙi.

Na bi shawarar har rabi. Na je Naif na sayi yadi goma sha biyu. Na shimfiɗa a gado na yayyafa Zamzam, na shanya, na ƙulle dabinon uku a gefe. Sau huɗu ina kwancewa don ƙullin ya yi kama da nata. Na kai wurin Alhaji Dikko mai kago, ya ɗora a sikeli, ya ɗauki alƙalami ya ce me zai rubuta a kai. Na buɗe baki in ce likkafanin Inna, sai na tuna ranar da za a buɗe ledar nan. Ita ba za ta iya dubawa ba a ranar. Za ta tafi tana zaton abin da ta tsoma ne, mu biyu muna tsaye mun sani. Na ce masa na yi mantuwa, na ɗauko kayana.

Washegari na sami Bashar, na roƙe shi ya bar ni in cire yadin daga tantinsa da mutum-mutumin. Shekara shida ina masa aiki ban taɓa roƙonsa komai ba. Larabcina na allo ne, nasa na kasuwa, amma kalmar kafan, likkafani, ɗaya ce a wurinmu duka. Da ya gane, sai fuskarsa ta yi ja. Ya ce kakarsa ma ta ajiye nata a ƙarƙashin gado shekara ashirin, ba mai taɓawa. Ya riga ya kwana biyu a sahara da tantin, sun gasa nama a gindinsa. Da kansa ya hau motar ya farke ɗinkin da reza, yana cewa shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu, shi da ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Na mutum-mutumin kuwa ranar buɗewa na cire, saura awa biyu, mutane sun fara layi a waje. Na naɗe shi da tsohon zanen gado, na naɗa a karkace da gangan, dama a ƙasa, ɗauri biyu. Alima ta ce ya koma kabejinsa. Na ce ya zauna a haka.

Yanzu duk suna wurina. Na wanke su sau bakwai. Na tantin ƙaurin hayaƙi ya fita. Na mutum-mutumin akwai ɗigon jan fenti a gefe, na yanke wurin, bai kai tafin hannu ba. Na injin motar ne ya ƙi. Na sa omo, na sa lemon tsami, Baban Muhsinat ya kawo wani sabulun makanikai. Baƙin man ya dushe amma yana nan, har ana ganin shatin yatsunsa. Na zare zare daga jikin yadin na haɗa su da allura, ban sa a keke ba.

Yaya, ki yafe mini, ba zan iya bin shawararki ba. Ki zaunar da Inna bayan ta sha maganinta, ki karanta mata takardun nan uku, har da maganar gidan tsoron. Kada ki tsallake wurin da na ce na ji daɗin yabo. Ga sabo ga nata mai faci. Wanda ta ce, shi zan aiko.

Ƙanwarki,
Halima Sa'adiya

*

5 ga Nuwamba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Inna, ina gaishe ki a durƙushe. Yaya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranki cikin imani.

Yaya ta gaya mini kin saurara har ƙarshe, kwana uku ba ki ɗauko maganar ba. Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ta ce a na huɗu kina tsintar shinkafa kika ce a tambaye ni, da na yi wa mutum-mutumin ɗaurin ka, ta wane gefe na bar bakin ƙullin, yadda za a kwance shi da hannu ɗaya a kabari. Ta hagu, Inna, gefen da ke sama in an kwantar da mutum a kan damansa. Ban manta ba.

Na ji sauran saƙon. Sabon alawayyon na kai masallacin unguwarmu, na ce a ajiye wa baƙon da ya rasu ba shi da kowa, kamar yadda kika ce. Akwai su da yawa a Sonapur, unguwar leburori. Na ji kin ce mai facin shi ne naki, wurin baƙin man a sa ta ƙafa, ƙafar da ta sha taka ƙasar Yakasai ba za ta ƙi shi ba. Na ji kuma kin ce ba yadin ne ya dame ki ba, hannun ne: kin koya mini don in rufa wa mutane asiri, na kai shi inda ake dariya. Na gaya wa Bashar baɗi zan ɗinka labule da rigunan tanti, amma ba zan ƙara naɗa komai ba. Ya ce ya ji.

Sai magana ta ƙarshe, da kika ce kada in kuskura in sa shi a kago, hannun da ya yanka shi ya kawo. Inna, na gane. Shekara shida ban zo ba, kullum ina cewa in an gama wannan aikin. Yadda na yi da alawayyon haka na yi da ku.

Ranar Asabar aka kwance gidan, ƙasusuwan sun koma kwali. Na karɓi hutun wata ɗaya. Jirgina ranar sha tara. Baban Muhsinat ya ɗaura sabon lagireto, ya ce motar za ta kai ni filin jirgi ko da turawa ne. Yana gaishe ki, ya ce ki yafe masa yatsunsa.

Alawayyon yana cikin jakar da zan riƙe a hannu. Na duba yau da safe, na sake dubawa kafin in rubuta wannan layin. Dabinon uku ban ƙulle su ba. Zan kawo miki ki ƙulle da kanki.

'Yarki,
Halima Sa'adiya