Ɗan Ngo Chundung

Kan Dutse, 6 ga Agusta, 1989

Zuwa ga Angelina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya aikin asibiti?

Na iso garinku jiya da hantsi. Motar Bukuru ta sauke ni a gindin dutse, sauran na hau da ƙafa ina haki, har wata tsohuwa da itace a ka ta wuce ni tana yi mini sannu.

Ba ki taɓa gaya mini gajimare yana shigowa cikin gari ba. Yana bin lungu kamar tunkiya, ya tsaya a ƙofar coci, mutane su shige cikinsa su ɓace, sai ƙararrawa kawai ake ji. Bayan cocin akwai kurmin da ba a saran itacensa tun zamanin kakanninku. Kawunki ya raka ni, na ga ya cire hula sau biyu, sau ɗaya a gaban gunkin Maryama, sau ɗaya a bakin kurmin. Na tambaye shi dalili, ya ce dukansu manya ne.

Na ga asibitin Sistoci inda aka haife ni, ɗaki biyu ne kacal. Kin tuna ranar da muka haɗu wajen mai kifi a Peckham, can ƙasar Turawa, kika ce ƙarya nake yi, ba a taɓa haifar Bahaushe a garinku ba? Ko shekara ban cika ba aka ɗauke ni daga nan, amma wallahi duk kwanar da na sha sai in ji kamar na san abin da ke bayanta.

Mahaifiyarki, Ngo Chundung, ta je gonar acca, sai jibi za ta dawo. Kawu ya ce sai a gabanta za a yi maganar aurenmu. Ina jin tsoro kaɗan. Ki huta lafiya.

Naki,
Maharazu

Peckham, 19 ga Agusta

Malam Maharazu,

Ina gaisuwa. Na aike ka neman aure, ka tsaya kallon gajimare. Nan ma akwai shi, kullum a kan titin Rye Lane yake kwana, ban taɓa ji ka yabe shi ba.

Albishirinka, council sun ba mu flat ɗin, hawa na tara. Na sayi labule shuɗi, na rataya, na zauna a ƙasa ina kallonsa har na yi missing bas. Daga tagar, in na lumshe ido, rufin gidaje sai su koma duwatsun gida. Shekaranjiya na yi mafarkin kana zaune a kicin ɗin Ngo kana shan gwate da hannu, kamar a nan ka girma.

Ka ci duk abin da ta ba ka. Amma kada ka yarda ta fara ba ka labari, ba ta gamawa. Ina kewarka, na faɗa, kada kanka ya kumbura.

Angelina

Kan Dutse, 2 ga Satumba

Zuwa ga Angelina,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso jiya. Sati uku ina riƙe da abin da zan rubuta, ki yafe mini.

Ngo ta dawo, ta tambaye ni ɗan wa ne. Na ce ɗan Malam Nata'ala ne, telan ma'aikatan kuza. Sai ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta kama kaina, ta juya kunnena na hagu ta ga tabon nan. Ta fashe da kuka.

Ta ce, “Ɗan Rukayatu ne. Uwarka ta kwanta a wurin Sistoci, ba ruwan nono, lokacin ina goyon ɗana Bitrus. Wata bakwai ina ba ka nono, kai a dama, shi a hagu, har ta rasu aka tafi da kai. Ina za ka zo kana roƙona 'ya? Ai kai ɗan gida ne tun tuni.”

Ta kira maƙwabta, aka yi guɗa, aka yanka kaza. Washegari ta kunna kyandir a coci don godiya. A ganinta ta sauƙaƙa mana komai.

Angelina, a addininmu, matar da ta shayar da yaro ta zama uwarsa, 'ya'yanta duka 'yan'uwansa ne, babu aure a tsakani. Na sauka Bukuru na tambayi malamai biyu, na je Jos na tambayi na uku, ina fatan wani zai ce a'a. Duk bakinsu ɗaya.

Ban iya gaya mata ba. Kullum da safe tana kawo mini kunun acca, ta zauna ta tabbatar na shanye, tana kirana da wani suna da ta sa mini ina jariri. Ban taɓa sanin uwa ba, yanzu na samu, kuma ta dalilinta na rasa ki. Ina sonki kamar yadda nake sonki ranar da na hau jirgi, ban san inda zan kai shi ba. Da la'asar nakan zauna a bakin kurmi har gajimare ya rufe ni.

Zan dawo ranar talatin ga wata. In ba ki son ganina, ba zan ga laifinki ba.

Maharazu

Peckham, 13 ga Satumba

Maharazu,

Ina gaisuwa. Na tambayi Fadan cocinmu, ya ce a wurinmu ba abin da ya hana. Na ji daɗi na kwana ɗaya, sannan na tuna da wa nake magana. Na san ka, ba zan roƙe ka ba.

Kada ka gaya wa Ngo, ni zan rubuta mata. Ka bar ta ta gama ciyar da kai. Labulen yana nan, ban sauke ba. Zan zo tarbarka a filin jirgi, ka taho mini da acca.

Sau uku na gwada rubuta kalmar nan a wata takarda kafin hannuna ya yarda.

Ƙanwarka,
Angelina